Tabarmar Malam a Mararrabar Bahiya

Duk shekara in watan Sha'aban ya raba tsakiya, hanyoyi biyu ne suke dawo mini a rai. Ɗaya ita ce kwaltar da ta bi ta bayan ƙauyenmu, kusa da Wad Haddad, can kudu da Khartum, wadda ta taso daga Wad Madani ta nufi Sinnar. Ɗayar kuwa wata 'yar mararraba ce a wani ƙaramin gari na jihar Bahiya, can ƙasar Barazil, inda na kusa jawo wa kaina harsashi saboda tuwo da miyar kuɓewa.

A wajenmu namiji ba ya shan ruwan azumi a cikin gida. Da la'asar ta yi sanyi, kowane gida zai fito da farantinsa, a shimfiɗa dogayen tabarmi a bakin kwalta, a jera tuwo da miya, da dafaffen wake, da dabino, da bokitan zoborodo da tsamiya. In rana ta kusa faɗuwa sai samari su warware rawani, ɗaya ya riƙe wannan baki ɗaya ya riƙe wancan, su tare hanya. Bas ce ko babbar mota, ba mai wucewa. Direba zai leƙo ya ce yana sauri, sai wani magidanci ya dafa ƙofar ya rantse cewa in bai sauka ba ya saki matarsa. Wa zai yarda ya kashe auren mutum saboda sauri? Sai a sauka ana dariya, a ci, a yi salla, kowa ya kama gabansa.

Tabarmar gidanmu ta fi kowace tsufa a wannan layin. Kakana Malam Buhari ne ya fara shimfiɗa ta. Ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya tsinkar auduga a nan yankinmu na Jazira don ya ƙara guzuri, sai aure da gona suka riƙe shi. Ana cewa a tafiyarsa wasu mutanen ƙauye sun taɓa tare shi da magariba yana jiri don yunwa, suka zaunar da shi ba su ko tambayi sunansa ba. Tun daga nan bai yarda azumi ya zo tabarmarsa tana naɗe ba. Tabarmar kanta an canja ta sau da yawa, amma har yau tabarmar Malam ake ce mata.

Sunansa aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Malam. Sunan kawai na gada. Ni yaro ne mai kunya, ba na iya haɗa ido da baƙo. Aikina in wanke kofuna, in jera su daidai wa daida, in koma gindin darbejiya da littafina har a kira salla. Yayana Siddiƙu shi ne na bakin kwalta, shi ke riƙe rawani, muryarsa har ƙauyen gaba ana jin ta. Yakan ce mini, "Malam Ƙarami, kai ko akuya ba za ka iya tarewa ba. To ko ka tare, da me za ka rantse? Littafi za ka saka?"

Ba ni da wani abin faɗa a kan tashina daga gida, sai dai da safen nan Baba ya cire rawanin kansa ya cusa a jakata.

Aikin gona na karanta a Wad Madani, kuma a shekarun nan kowa a sashenmu maganar Barazil yake, yadda suke noma auduga da waken soya a filin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Wani ɗan ƙasarmu mai suna Hamad, wanda na sani ta waya, ya ce ya samo mini gurbi a wata jami'a. Shi ya tarye ni a Sao Paulo. Mutum ne mai fara'a, ya rungume ni, ya saya mini shinkafa da wake, yana ta ce mini ɗan'uwa. Garin ya ba ni tsoro. Gine-gine sun tokare sama, jirgin ƙasa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kowace taga da ƙarfe, kowane gida da katanga mai waya. Hamad ya gargaɗe ni kada in fito da wayata a titi, kada in tsaya in wani ya tsayar da ni. Na riƙe nasihar farko, ta biyun ce ban gane nauyinta ba sai daga baya.

Ya ce makaranta ba za ta buɗe ba sai an jima, gara in ɗan taɓa aiki kafin nan. Ya sa ni a bas mai zuwa kudu, ya ɗaga mini babban yatsa kamar yadda mutanen ƙasar suke yi. Wannan yatsan shi ne ganina na ƙarshe da shi. Lambarsa ta daina shiga, jami'ar kuma da na nemi bayani ba ta taɓa jin sunana ba. Abin da Baba ya sayar da shanu biyu ya ba ni, ya bi Hamad.

Kudu sanyi ne da kaji. Wani kamfani ne da ke yanka kaji yana aikawa ƙasashen Larabawa, don haka dole masu yankan su zama Musulmi. Muna tsaye cikin fararen kaya da takalman roba, kaji suna zuwa a rataye, kana bisimilla kana yankawa har harshenka ya bushe, har ka riƙa yi a mafarki. Akwai 'yan Senegal, akwai 'yan Bangaladash, ba mai jin yaren wani. Ban taɓa sanin ruwa yana iya daskarewa a kan ciyawa ba sai a garin nan. Rawanin Baba na riƙa naɗawa a wuya da kunnuwa in zan fita, har ƙamshin turaren Inna ya bar jikinsa, ƙarnin kaji ya maye.

Ba zan ce mutanen garin sun wulaƙanta ni ba. Matar da nake haya a gidanta, da ta lura ina ture wake gefe saboda naman alade da suke sawa ciki, sai ta sayi wata 'yar tukunya ta riƙa dafa mini nawa daban, ba ta taɓa ambata maganar ba. Mijinta kuwa da yamma yakan zauna a ƙofa da wani ɗan ƙoƙo mai ganye mai ɗaci da ruwan zafi, ana zuƙa da tsinken ƙarfe, a miƙa wa na kusa, shi ma ya zuƙa ya miƙa gaba. Ranar da ƙoƙon ya iso hannuna ɗacinsa ya kusa sa ni hawaye, amma na shanye, don a lokacin ne na fara jin cewa mutanen nan ma sun san ci daga ƙwarya ɗaya. Ranar da ƙasarsu take buga ƙwallo kuwa, har kamfanin kaji yakan tsaya. Kowa ya sa riga ruwan ɗorawa, tsofaffi mata suna addu'a a gaban talabijin. Da aka fitar da su daga gasar duniya, wani ƙaton abokin aikina mai ƙirji kamar ƙofa ya kifa kansa a kafaɗata yana kuka, ni da ban san dokokin wasan ba na riƙa ba shi haƙuri da Hausa.

Azumi ya same ni a can, na sha ruwa a tsaye a bayan ɗakin sanyi. Ya dame ni, amma ba sosai ba, don na san a gida tabarma tana nan. Siddiƙu yakan turo mini hoton motoci a jere a bakin kwalta, Baba a tsakiya da sabon rawani yana nuna wa baƙi wuri.

Garin yana da ɗakin karatu ƙarami. A nan na koyi Fotugis, harshen ƙasar, daga littattafan yara har na kai ga na kimiyya. Shi ya sa harshena ya fito irin na takarda, ina magana mutane suna murmushi kamar sun ji mai karanta labarai. Da wannan harshen na zauna jarrabawa, Allah ya taimake ni na sami gurbi na gaskiya a wata makarantar aikin gona a Bahiya.

Tafiyar arewa ta ɗauki kwanaki a bas. Na ga gonakin da aka ba mu labari, jar ƙasa da kore shar har iyakar sama, ba mutum ko ɗaya a ciki sai injuna. Na tuna gonar Baba, da yadda muke jiran juyin ruwa daga magudana, da waƙar mata masu tsinkar auduga, na rasa wanne zan yi wa sha'awa. Muna ƙara arewa sanyi yana sakina, fatar mutanen da ke shiga motar tana ƙara duhu. Wata safiya na farka na ga wata tsohuwa a kujerar gefe, kamarta ɗaya da Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba da ke aure a Rusayris, har tsagar haushin da ke goshinta. Na gaishe ta da Hausa ban sani ba.

Ɗakin da na samu yana kallon wata mararraba. Ƙasa kaɗan da ita, a gindin wani mangwaro, wata mata take suya kowace yamma, sanye da farin buje mai faɗi da farin ɗankwali da duwatsun wuya kala-kala. Ran farko ƙamshin ne ya jawo ni. Na leƙa kaskon na ga tana yanko ƙullun wake da cokali tana sakawa a manja. Ƙosai ne. Ba wani abu mai kama da ƙosai ba, ƙosai irin wanda Inna take yi mana ran Juma'a, sai dai ita Inna da man gyaɗa take soyawa, su kuma suna tsaga shi su cusa barkono da busasshen jatan lande. Na tsaya kamar an dasa ni. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, saye za ka yi ko kuka?" Sunanta Dona Zefa. Da ta ji irin Fotugis ɗina sai ta laƙaba mini Furofeso, duk unguwa suka ɗauka.

Yaƙi ya riga ya ɓarke a Khartum tun ina kudu, muna ta cewa ba zai iso Jazira ba. Ya iso. Ya ci Wad Madani, ya gangaro ƙauyuka. Mutanenmu suka fita da abin da ke jikinsu, suka bar dawa a gona, suka yi kudu har Rusayris wurin Gwaggo Hajo. Layin waya yakan ɗauke kwana da kwanaki. A lokacin ne Bahiya ta shiga bikinta na shekara, wanda duk ƙasar take jira. Ganguna ba dare ba rana, manyan motoci ɗauke da mawaƙa, jama'a suna bin su da rawa, mai kuɗi da talaka sun cakuɗe. Kiɗan yana shiga ƙirji kamar na gida. Ni kuwa ina zaune a bakin gado, waya a hannu, ina jira ta yi motsi.

Azumi ya kama da 'yan kwanaki saƙon muryar Siddiƙu ya shigo. Ban taɓa jin muryarsa ƙasa-ƙasa haka ba. Ya ce kowa lafiya, sai Baba. In an kira salla yakan fita ya zauna a tabarmar mijin Gwaggo, ya kurɓi ruwa, ya ci dabino ɗaya, ya tashi. Ba ya taɓa tuwo, ko da sahur. Ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa. Abin da yake ta maimaitawa shi ne tabarmar Malam ta mutu a hannunsa. Siddiƙu ya ce ya nemi ya shimfiɗa wata a can, Baba ya hana, ya ce baƙo ba ya shimfiɗa tabarma a ƙofar mai masaukinsa, kuma ba a yin kyauta da hatsin wani. Sai Siddiƙu ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, "A zuriyar Malam kaf, kai kaɗai ka rage mai ɗakin kansa da tukunyar kansa. Ka ga ikon Allah, Malam Ƙarami."

Washegari na sayi tabarmar kaba irin wadda suke zuwa bakin teku da ita. Na sayi farin garin masara na tuƙa tuwo, na yi miyar kuɓewa, na jiƙa zoborodo da tsamiya, duk akwai su a kasuwarsu. Na sa farar jallabiyata. Na duba ko'ina na ga ba inda matafiya suka fi bi kamar mararrabar, don haka a kusurwarta na shimfiɗa. Na jera kwanukan ƙasa da na saya saboda sun fi kama da na gida, na jera kofuna daidai wa daida. Daga nan kunya ta kama ni, na ja baya na jingina da bango, ina jiran wani ya tsaya in ce masa bisimilla.

Ba wanda ya tsaya. Mutum zai taho, ya hango tabarmar, sai ya tsallaka ɗaya gefen. Wata mata ta ja hannun ɗanta ta rufe masa ido. Wani tsoho ya rage tafiya, ya taɓa ƙasa da yatsunsa, ya taɓa goshinsa, ya yi wata magana a hankali, ya wuce. Na ce ko rashin sabo ne. Na sake fitowa washegari, da jibinsa, da gatansa. Har mutanen da muke gaisawa kullum suka fara gaishe ni daga nesa, cikin wani irin girmamawa da ban gane ba. Ina shan ruwa ni kaɗai, in kwashe tuwon ya huce. Wata ya yi nisa, Siddiƙu ya aiko cewa Baba ya fara salla a zaune.

Ranar da na ji haka na ce ba abin da ya rage sai hanyar gida. Akwai wata bas shuɗiya da take bi ta mararrabar daf da faɗuwar rana, cike da masu dawowa daga aiki. Na ɗauko rawanin Baba, na ɗaure baki ɗaya a turken fitilar titi, na tsallaka da ɗaya bakin na ja shi ya miƙe. Bas ta taho, na ɗaga hannu, na buɗe baki da murya mafi ƙarfi da na taɓa yi, na ce da Fotugis kowa ya sauka.

Direban ya taka birki har tayoyi suka yi ƙara. Ina jiran in ga an leƙo ana dariya, sai na ga kawuna sun ɓace daga tagogi, kowa ya kwanta a ƙasan mota. Direban ya ɗaga hannuwansa biyu sama. Wata mata ta miƙo wayarta ta taga tana roƙo kada a taɓa ta. Sai ƙofar baya ta buɗe, wani mutum ya diro da bindiga a hannu, ashe ɗan sanda ne da ya tashi daga aiki. Ya ce in kwanta. A lokacin ne maganar Hamad ta faɗo mini: a ƙasar nan ba mai tare mota sai ɗan fashi.

Ina kwance, kuncina a kan kwalta mai ɗumi, na ji takun silifa da ƙarar duwatsun wuya. Dona Zefa ce, da cokalin tsamar ƙosai a hannu yana ɗigar manja. Ta shiga tsakanina da bakin bindigar kamar mai korar kaji. Ta ce wa ɗan sandan ya mayar da abinsa, wannan Furofeso ne, ɗanta ne, karatu ne ya yi masa yawa har ya fara zuba. Ta ce ya taɓa ganin ɗan fashi da kofuna a jere? Aka caje ni ba a sami komai ba sai dabino. Direban, wani gajere mai tumbi da ake kira Waldo, ya zage ni zagin da ban taɓa gani a littafi ba, ya ja motarsa.

Ta kai ni gindin mangwaro ta zaunar da ni, ta ce in sha ruwana tukuna, ta ga leɓena a bushe. Sannan na ba ta labari tun daga Malam Buhari har zuwa Baba da ke salla a zaune. Ta share ido da bakin ɗankwali. Can kuma sai dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki. Ta ce in faɗa mata abin da na dafa. Na ce farin tuwon masara da kuɓewa. A kwanon me? Na ƙasa. A ina? A mararraba. Sanye da me? Farare.

Ta bayyana mini cewa a addinin da kakanninsu suka zo da shi daga Afirka, wanda ita ma take bi, mararraba wuri ne na mutanen ɓoye, wato iskoki. Nan ake ajiye musu abinci a kwanon ƙasa, kuma farar masara da kuɓewa suna cikin abin da aka fi ba su. Wanda ya ajiye yakan ja baya, ba mai taɓawa, ba mai tsallakawa. Duk unguwa sun ɗauka wani babban malamin tsibbu ne ya zo daga Afirka yake aiki, har wasu sun tambaye ta ko ina karɓar masu neman taimako. "Kai kana kiran mutane cin abinci," in ji ta, "su kuma suna ba iskoki wuri su gama."

Ni ma na yi dariya, karo na farko tun da aka fita daga ƙauyenmu. Daga baya ta ce kakarta takan ba da labarin wasu mutane a cikin bayin da aka kawo Bahiya, masu fararen riguna da rubutu a wuya, waɗanda wata guda ba sa cin komai sai rana ta faɗi. Ta ce ta ɗauka sun ƙare. Na yi tunanin Malam Buhari da ya yi gabas da ƙafarsa, da waɗanda aka yi yamma da su a jirgin ruwa, wataƙila daga gari ɗaya. Ban faɗa mata ba, Fotugis ɗina bai kai nan ba.

Washegari ita da kanta ta ja tabarmar zuwa gefen kaskonta, ta ba ni kwanukan roba, ta ce in zauna a kai kada in kuskura in jingina da bango. Ta ce a nan ba a cin abincin mutumin da ya tsaya nesa da shi. Ita ta fara sa hannu, tana faɗa wa duk mai wucewa cewa gishiri ya yi kaɗan amma a zo a taimaka wa yaro. Mijinta ya zo, wani dogo marar magana mai gyaran kekuna. Mai aski ya zo, 'yan makarantarmu suka zo. Na ji daɗi, amma raina bai kwanta ba. Waɗannan maƙwabta ne. Tabarmar Malam ta matafiyi ce, wanda aka tare a hanya ba a san shi ba, kuma na san Baba, ba zai karɓi wani abu a madadin haka ba. Bas shuɗiya kuwa kullum sai ta wuce, Waldo ya leƙo ya kaɗa mini yatsa.

Abin da ban sani ba, Dona Zefa tana aika masa ƙosai har tasha, tare da labarin. Ana cikin goman ƙarshe, wata yamma sai ga bas ta rage gudu ta tsaya a gabanmu. Waldo ya sauko yana gyara wando. Bai gaishe ni ba. Ya ce ubansa ma manomi ne a can cikin ƙasa inda fari yake, ya bar gonarsa ya zo birni, ya mutu yana cin abincin surukai. Ya dubi tabarmar, ya dubi wayar da mai aski yake ɗaukar mu hoto da ita, ya ce in dai Baba za a aika wa, to a yi abin yadda ake yinsa a garinsu. "Ina ƙyallen? Ɗauko."

Ya koma ya yi wa fasinjoji bayani, ya ja motar da baya har bayan mararraba. Na riƙe baki ɗaya na rawanin, Dona Zefa ta riƙe ɗayan. Bas ta taho a hankali tana hon, ta tsaya, Waldo ya leƙo ya ce yana sauri, kamar yadda aka gaya masa direbobinmu suna cewa. Nan na tsaya cak, don an zo wurin rantsuwa, ni kuwa ba ni da mata. Dona Zefa ta buga ƙofar motar da tafin hannu ta ce, "In ba ka sauka ba, yau na saki mijina."

Daga kan tabarma mijin nata, wanda ban taɓa jin ya haɗa kalma uku ba, ya ɗaga murya ya ce, "Wuce, Waldo. Don girman Allah wuce."

Motar ta kaure da dariya. Suka sauko, ba duka ba, wasu sun zauna suna duba agogo suna tsaki. Amma ma'aikatan gini sun sauko, da wata ma'aikaciyar jinya, da matar nan da ta taɓa miƙo mini wayarta. Waldo ya cire takalmi, ya durƙusa da ƙyar saboda tumbi. Rana ta faɗa bayan rufin cocin garin. Na miƙa masa dabino da hannuna, na dube shi ido cikin ido, na ce bisimilla.

Na tura wa Siddiƙu hoton mai motsin da mai aski ya ɗauka a daren, amma layi ya ɗauke a can. Kwanakin da suka biyo ban san yadda na yi su ba. Ina shimfiɗa tabarma, Waldo yana tsayawa ya karɓi kofi ta taga, ni kuwa hankalina yana Rusayris. Sai ana jibi salla, ina cikin gonar gwaji ta makaranta, waya ta yi motsi. Siddiƙu ya je kasuwa inda ake sayar da layin tauraron ɗan'adam. Saƙon murya ne. Na zauna a kan kunya tsakanin layukan auduga na buɗe.

Da farko muryar Siddiƙu ce, yana cewa yi magana Baba, yana ji. Sai tari. Sannan muryar Baba, siririya amma tasa ce.

"Malam. Na gani. Tabarmar ta yi gajarta, baɗi ka nemi doguwa. Kuma ba a ba mace bakin rawani, amma wagga mata ta fi Siddiƙu murya, ka gaishe ta. Wanga direba mai ciki, mi as sunanai? Ka aiko da sunan, in sa shi cikin addu'a tare da Malam."

Na ɗauka saƙon ya ƙare, ashe Siddiƙu bai ɗaga yatsansa ba. Ina jin kukan jaki daga nesa, da hayaniyar yara, da ƙarar murfin tukunya. Sai na ji Baba ya juya, muryarsa ta yi nisa da wayar, yana tambayar Inna ko akwai sauran garin dawa a gidan, don shi yau da tuwo zai sha ruwa.